Turke Ɗaya, Jirgi Biyu

Inna Laraba, don Allah ki taimake ni da shawara kafin in aikata abin da zan yi da-na-sani.

Ni malamin firamare ne, mutumin Zuru. Shekara tara ke nan aiki ya kawo ni wani ƙauye da ke ƙasan dam ɗin Goronyo. Albashi ba ya kai wata, shi ya sa na kama 'yar fadama a ƙetaren gulbi ina noman albasa, na sayi ɗan kwale-kwale. Maƙwabcina Halliru masunci ne, katanga ɗaya ta raba mu. Shi ya kawo shawarar mu haɗa kuɗi mu kafa turken ƙarfe da siminti na ɗaure jiragenmu, tunda na icce ruwa ke tuge shi kowace damina. Muka raba biyu cif, ko da yake jirginsa ya yi biyun nawa.

Na haɗiye abubuwa, Inna. A gindin turken nan yake gyaran kifi, ya watsar da hanji, ƙuda sai ka ce mahauta. Wani lokaci a cikin jirgina ake ajiye kwandon kifin, in shiga da farar riga in fito ina ƙarni. 'Yan gidansa kuma su ɗauki jirgin ba ko sallama. Da na gaji sai na sayi sarƙa da kwaɗo na kulle abina.

Makon jiya da hantsi, ina aji, aka saki ruwan dam. Halliru yana bakin gulbi. Ya sassauta igiyar jirginsa, ya bar nawa. Ruwa ya hau, sarƙa ta ja hancin jirgin ƙasa, ya nutse da kwando huɗu na irin albasa da zan kai dashe da la'asar. Da na iso, wai mi zai yi, Allah shi mayar da alheri. Bayan kwana biyu kuma sai ga shi, ko kunya babu, wai ruwa ya zaizaye gindin turke, in kawo rabin kuɗin siminti!

Yanzu ko muryarsa na ji sai zuciyata ta tashi. Matata Rose ta ce in yi haƙuri, don matarsa Hassana ce ta karɓi haihuwar 'yarmu. Ni kuwa so nake in tuge turken, a yanka shi biyu, kowa ya kama gabansa. Na yi laifi?

Malami mai ɓacin rai, Goronyo

Malam, sannu da wannan asara. Irin dashe kwando huɗu ba wasa ba ne ga mai jiran ƙarshen wata.

Halliru ya yi laifi. Kwanduna ba su da kwaɗo, da ya so ya kwashe su, ko ya aika maka makaranta. Hanjin kifi a gindin turken da kuka yi tare kuma ƙazanta ce da raini.

Amma akwai abin da ka wuce da sauri a wasiƙarka. Lokacin da ruwa ke hawa, ina makullin yake? Yana aljihunka, a aji. Mutanen ruwa ba sa fasa kwaɗon wani, don in jirgin ya bi ruwa su za a kama. Kuma ka taɓa zama da shi ka faɗa masa abin da ke cin ka? Ban gani ba. Kwaɗo ka sa ya yi maka magana, shi kuma ya ji saƙon sarai.

Kada ka yanka turke, rabinsa ko akuya ba zai riƙe ba. Ka biya rabin siminti, tunda gindin na ku biyu ne. Sannan ku zauna gaban mai unguwa a yi magana a fili: gyaran kifi ya koma can gefe, mai son aron jirgi ya tambaya. Ka ƙara tsawon sarƙa, ka yanka makulli na biyu ka ba shi. In ya karɓa da mutunci ya nemi gafara, ka ji maganar Rose. In ya ƙi, sai ka kafa naka turken, amma ban da yanke gaisuwa.

Ka tuna, dam zai sake sakin ruwa, kuma ranar ma kana aji, Halliru ne a bakin gulbi. Allah ya mayar maka da alheri, ya sa albarka a dashe na gaba.

Inna Laraba