Baba yaƙ ƙone littahin jirgin Yaya, ni ka shan kashi

Assalamu alaikum jama'ar gidanga. Wanda bai yarda da abin da za ni hwaɗi ba, ya hau mashin ya zo Goronyo ya ƙirga haƙorana da kainai, ni ka biyan kuɗin man mashin ɗin. Admin a ɓoye sunana, ko da yake huskata ta riga ta ɓoye kanta, Inna ma sai da niy yi magana tag gane ni. Don Allah ku ba ni shawara.

Yayana matuƙin jirgin sama na. Eh, ɗan manomin albasa, ku gama dariyarku. Suna da wani littahi da su ka rubuta dut tashin da sunka yi, daga ina zuwa ina, awa nawa, malamin da yak koya musu ya sa hannu a buga hatimi. Nashi na hwarko ya cika tuni. Da yaz zo Sallah sai yac ce yanzu an koma na waya, tunda ni ka cika baki a shagon cajina cewa ba abin da ban iyawa, in kwashe mai dut cikin manhaja, kuma in ɗauki hoton kowane shahi. Sati ukku ina dannawa har yatsana yay yi kanta. Hoto kam nic ce a raina mi za a yi da shi ga lambobi sun shiga, ban ɗauka ba.

Da nig gama sai nib bar littahin bisa buhun albasa a zaure, akuyar Inna ta hwara cin bangon, Baba yat tsince shi. To Yaya bai taɓa buɗe sabon shahi bai rubuta Bismilla a sama ba. Baba yak kira ni yac ce sunan Allah nib bar ma akuya? Yat tambaye ni ko da sauran amfani gare shi, nic ce Baba wanga ya gama aiki, duniya ta wuce takarda. Kun san yadda tsohinmu ka yi da takarda mai sunan Allah. Yak kai shi can bayan katanga yab banka mai wuta, yat tattara tokar yaz zuba gulbi, har da addu'a.

Shekaranjiya Yaya yad diro ba sanarwa. Wai wani babban kamfani ya kira shi intabiyu ran Litinin, sun ce na waya ya yi, amma sai sun ga na takarda da sa hannun malamai. Yac ce ina littahi. Baba na zaune bisa tabarma yana jan tasbaha, nid dube shi, shi ko yad dubi sama kamar mai neman jinjirin wata. Sai nij ji bakina ya ce ya ɓace.

Jama'a ban san har dambe a ka koya musu can sama ba. Marin hwarko sai da nih hango garin Giyawa daga tsakar gida. Yash shaƙe ni yab buga da rumbu, yaz zaro ƙotar galma, nir ruga, yab bi ni har gona, nih hwaɗa hanyar ban-ruwa, yad danne min kai cikin taɓo har na ɗanɗani takin bana. Ƙarti huɗu sunka ɓanɓare shi, guda ya koma gida da targaɗe. Ya rantse in littahin bai hito kahin Lahadi ba, hannun da yad danna wayar shi za ya karya. Amma abin da yat tsaya min a rai, bayan an raba na gan shi bayan rumbu yana kuka, ƙato da shi. Malamin da yah hi sa mai hannu ya rasu.

Yanzu in na hwaɗi gaskiya, Yaya mai zuciya na, bai iya taɓa Baba, amma na san ba ya sake taka gidanga. In na yi shiru, ga shi can yana birkice shagona yana neman abin da kihi sunka riga sunka sha, alhali da ya san toka ta, da ya kama hanyar makarantarsu ko suna da kwahin littahin. Masu sanin harkar jirgi, ana samun madadi? Kuma in tona, ko in sulale garin Maikujera wurin kawuna har Litinin ta wuce?

Ɗazu na lallaɓa wurin Baba nic ce don Allah ya hwaɗa mai da bakinai, tunda shi yak kyasta ashana. Ko kallona bai yi ba yac ce, "Kai da jikinka ya riga ya saba, ƙarasa sha. Ni tsoho na, ƙashina bai ɗoruwa."