Fatar Idon Yaya Mamman

Talata da dare, asibitin Dogon Dutsi

Gamsheƙa ta sari Yaya Mamman yana roron wake. Na tarar an ba shi jiƙo, fatar idonsa tana ta saukowa.

Inna ta ce, "Bar shi, Hadiza, barci ne. Magani ya karɓe shi."

Ba barci ba ne. Shekara tara ina labo, ɗakin gwaje-gwajen kimiyya, ina nazarin dafin nan: saƙon jijiya yake toshewa, ido ya fara nauyi, numfashi ya tsaya. Na daka wa Inna tsawa, Allah ya yafe mini, muka sa shi a mota.

An yi masa allurar kashe dafi. Ina zaune na zuba wa ƙirjinsa ido.

A labo, duk ranar da dafin ya kama jijiya tsaf, murna nake yi.