Zuwa Ga Angona Mai Alwala a Bayan Rumbu

Ya sanyin idona, zumar farin wata, ruwan farko da ke sauka a kan yashin Ɗanzomo, gawon da ke kore sa'ad da sauran itatuwa suka tuɓe, jikana kuma angona Sallau! Karɓi gaisuwar matar da aka bari da ɗumame ba mai taya ta ci.

Kafin komai, ƙulun-ƙulufit! Wane baƙo ne ba ya sauka sai an gama share hawaye, ba ya ci, ba ya sha, ba ya sallama ya tafi, kuma bai taɓa sauka wurin mamaci ba? Riƙe ta a kumatu kamar goro, ina zuwa.

Ilu mai babur ya kawo mini saƙonka daga Gumel, wai ba za ka zo sunan ɗan ƙanwarka Jannatu ranar Asabar ba, wai aiki ya yi yawa a shagon gyaran waya. Aiki! Ni za ka yi wa wannan, ni da na wanke ka kana cikin tsumma? Na san abin da kake gudu. Za a kawo tuwo, maza su naɗe hannun riga. Za a kira azahar, a jeru da butoci a ƙofar gida, kowa ya wanke har gwiwar hannu. Shi ne aikin naka.

Ka tuna zuwanka na bazara, ya tauraron asubata? Rana tana ƙuna har ƙadangare ya nemi inuwa, kai kuwa kana cikin riga mai dogon hannu, maɓalli a ɗaure, kana tsatsafo kamar sabuwar randa. Na zaga bayan rumbu neman kazata, sai ga ka a tsugune kana alwala kamar mai satar ƙwai. Na ga hannun, duk sawun yanka. Ka ja riga da sauri har ka kifar da buta, ka jiƙa wando, akuya ta daina tuƙa tana kallonmu.  Na koma ɗaki na yi kukana. Wallahi ba don munin hannu ba, sai don tunanin duhun da ka shiga kai kaɗai har ka ji wa jikinka ciwo da kanka, ni kuwa ina nan ina faɗa da kaji.

To amma yau fa? Uwarka ta ce kana zuwa wurin likitan nan mai zama ya saurare ka, kana shan maganinka, dariyarka ta fara dawowa. Alhamdu lillahi! Ina kishin likitan, don ni ba ka taɓa ba ni labari mai tsawo haka ba, amma kada ka kuskura ka fasa zuwa.

Haba maigidana, inuwar tsamiyata! Dubi kukar ƙofar gidanmu. Tun ina amarya ake ɓare bayanta ana igiya, jikinta duk zane ne. Wa ka taɓa gani ya ture miyarta? Wa ya ƙi zama a gindinta? Wanda ya tambaye ka, ce masa ka yi rashin lafiya, Allah Ya ba ka sauƙi. Wanda ya ƙara ta biyu, turo mini shi. Kawunka Abdulbaqi ne mai dogon baki, ko? Bar ni da shi. Na san shekarar da ya daina jiƙa tabarma, kuma a lokacin har ya fara zuwa zance.

Sannan bari ka ji, an haifa maka abokin takara. Jaririn nan tun da ya zo yake kashe mini ido. Shi ba haƙori, ni ba haƙori, dukanmu kunu muke sha, dukanmu barcin hantsi muke yi. Ina aka taɓa dacewa irin wannan? In Asabar ta yi ban ji ƙarar babur ba, to ka aiko da takardata, na yi sabon miji!

Ƙarya nake, ɗan nan. Wa zai gyara mini wayata in ta faɗa kwatanniya? Wa zai ce furata ta yi tsami, ya kuma shanye? Ka zo. Da dogon hannu ko da gajere, ka zo. Naɗe riga sai ran da ranka ya so, ba mai tilasta ka. Amma in ka naɗe, ni zan riƙe maka buta a gaban kowa, in yi guɗa har mutanen Maigatari su ɗauka biki ake. In kuma duhun nan ya sake leƙowa, kira ni, ko tuwo nake tuƙawa zan ajiye muciya.

Ina nan a ɗakinka, ba yaji ba saki, har ran da za a ɗauke ni a makara.

Taka har abada, kakarka kuma amaryarka,
Kande

Af, na kusa mantawa. Baƙon nan tabo ne. Ba ya fitowa sai a jikin mai rai, bayan ciwo ya warke.