Bidiyon da Ya Mayar da Baba Djougou

Yaya Idrisu,

Assalamu alaikum. Ina gajiya, ya aiki? Ya Anti Rakiya da yara, ya zaman Libreville? Mu nan Parakou lafiya lau.

Baba ya daina zuwa asibiti, ya koma gida Djougou ranar Laraba.

Bana ne asibitin ya kawo na'urar koyar da tafiya ga masu shanyewar ɓarin jiki. Ana ɗaura wa mutum ɗamara a ɗan rataye shi, inji yana motsa masa ƙafafu. Likita bai yi mana alkawarin warkewa ba, amma bayan shekarun nan na zama, Baba ya fara tsayuwa da sanda.

Sai Bashir, ɗan Yaya Ladi, ya ɗauki bidiyon Baba a rataye, ya tura wa mahautan Djougou, ya ce, "Ga naman yau, nawa kuka saya?" Mahautan nan da Baba ya shugabanta suka yi ta dariya, har abin ya iso wayarsa. Ya ce mini, "Hadiza, gara in mutu a zaune da a rataye ni kamar cinyar sa."

Bashir wai wasan jika da kaka ne. Wasan jika a tsakar gida ake yinsa, ba a wayoyin 'yan kasuwa ba, kuma ba da ƙafafun mara lafiya ba!

Don Allah ka kira Baba, maganarka yake ji. Ku sa shi a addu'a, ka gaishe da kowa.

Likita ya ce za a hana shiga ɗakin na'urar da waya. Ko za a riƙe wa Baba gurbinsa a layin na'urar, ba su tabbatar ba tukuna.

Ƙanwarka,
Hadiza