Wasiƙar Ƙurɗuba a Ƙofar Gidan Malam Mamuda

Ƙurɗuba, ƙasar Sifen,
14 ga Satumba.

Zuwa ga Babana, Malam Mamuda,

Assalamu alaikum. Gaisuwa mai yawa, da fatan kana lafiya, da jama'ar Dauran baki ɗaya. Ya idanu, ya gwiwa, ya damina? Tun da aka yanke waya a Zamfara ban ji muryarka ba, shi ya sa na koma takarda. Zan tura wa 'yar uwarmu Ladidi ta waya a Funtuwa, ta bugo ta ba Mudi direba ya kawo maka.

Baba, na samu hutun mako biyu daga asibitinmu na Ingila, kuma ka san inda na zo? Ƙurɗuba. Wadda kake ba mu labarinta muna yara, ni da Yaya Suwaiba, har muna zaton garin tatsuniya ne. Ashe akwai ta. Da ƙafata nake taka ta.

Tsohon garin lunguna ne da aka shimfiɗe da ƙananan duwatsu, mota ba ta shiga yawancinsu. Wani lungun in na miƙe hannu biyu ina taɓa bango da bango. Gidajen farare ne fat, an rataya tukwanen furanni a jikinsu. Na haye gadar dutse da Rumawa suka gina kan kogin, wadda ta girmi tsohon babban masallacin garin nesa ba kusa ba. A farfajiyar masallacin itatuwan lemo ne a jere, bai nuna ba tukuna. Cikinsa kuwa, Baba, na fara ƙirga ginshiƙai na haƙura. Ja da fari, baka kan baka, kamar ka shiga gonar dabino. An gina coci a tsakiya, kuma ba a barin kowa ya yi salla, masu gadi na lura da mai mayafi. Na tsaya gaban mihrabi na yi maka addu'a a zuci, na yi wa Inna, Allah ya jiƙanta.

Tun hantsi har la'asar ina yawo ni kaɗai, ban waiwaya ba ko sau ɗaya. In Allah ya kai mu baɗi, ni zan kawo ka ka taɓa ginshiƙan nan da hannunka. Jirgi da masauki duk a kaina, Allah ya hore yanzu. Ga hotuna huɗu.

Ɗiyarka,
Rashida.

*

Kaura Namoda,
18 ga Satumba.

Rashida,

Wa alaikis salam. Muna lafiya zuwa lokacin da nake rubutun nan. Abin da zai faru bayan na ajiye biro ban ɗauki alkawarinsa ba.

Na ji wasiƙarki. Ban karanta ta ba, ji na yi, a gidan suna nan Kaura, daga bakin wata da ba ta ma san ni ce yayarki ba. Har lemon da bai nuna ba ta kawo.

Shekara shida a Ingila ta isa ta mantar da ke yadda ake karanta wa Baba wasiƙa? Tun da idonsa ya yi hazo Gwadabe ladan ke karanta masa, kuma ba a ɗaka ba. Bayan la'asar ne, kan tabarmar ƙofar gida, gaban duk wanda ƙafarsa ta kawo shi. Baba bai taɓa cin goro shi kaɗai ba, balle labari. Sau uku aka karanta ta. Hotunan sun bi hannu, uku suka dawo.

Kin tuna Gado? Wanda ba ya noma, ba ya kasuwa, amma rigarsa kullum da karin guga. Shi ya ce wa Gwadabe ya maimaita wurin jirgi da masauki, wai bai ji da kyau ba. Shekaranjiya da rana tsaka mutum biyu da ba wanda ya san su suka tsaya da babur wajen mai shayi, suka tambayi gidan liman, wato gidanmu. Ba su shiga ba. Kallo suka yi suka wuce.

Akwai wani tsoho a gefen Shinkafi da ɗansa ya turo hoto yana jingine da mota. Motar ma ba tasa ba ce. Wata huɗu tsohon ya yi a daji, ya dawo ba ya gane matarsa. Shekara ashirin da biyu ina koyar da tarihi kafin a rufe mana makarantu, kuma da wuya na ga garin da aka ci ba na ciki ne ya nuna ƙofa ba. Ke kuwa daga Turai kika aiko da makulli, da hotonsa.

Jiya na je Dauran da kaina a motar Mudi, kowa a ciki yana karanta abin da ya sawwaƙa. Na durƙusa na ce Baba ya biyo ni Kaura. Ya ce, "Gero na tsaye, Suwaiba. In na tashi, wa ka jan salla? Ni ba ni da komi sai littattafai, su zo su ɗauka su karanta." Na ce ba littafi za su ɗauka ba. Ya yi dariya ya ce in zauna in ji labarin ginshiƙai.

To ga abin da za ki yi. Ki sake rubuto wata, wadda za a karanta kan tabarmar nan. Ki ce an kore ki daga aiki. Ki ce ba ki da komai, ta farkon burga ce. Ki rubuta ta yadda Gado zai ji kunyar wanda ya kai wa labari. Baba kuma ba za a gaya masa ba. Kin san shi, in ya san ƙarya ce, tsakiyar karatu zai ɗaga hannu ya ce, "Dakata, Gwadabe, ba haka na ba."

Kada ki aiko mini da kuka, ina da nawa. Ki gaida ginshiƙai.

Yayarki,
Suwaiba.

*

Ƙurɗuba,
20 ga Satumba.

Yaya,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki da Abban Kubra da yara. Na cancanci duk abin da kika faɗa, har wanda kika rage.

Kan gadar nake lokacin da Ladidi ta turo hoton takardarki. Na karanta a tsaye, mutane na ratsa ni suna ɗaukar hoto. Wallahi, Yaya, lokacin da nake rubuta ta farkon fuskar Baba kaɗai nake gani. Tabarmar ta fita daga raina fit.

Na kasa zama a masauki, sai na yi ta tafiya. Na kira lambar Baba ya fi sau ashirin alhali na san babu layi. Na bi wasu 'yan yawon buɗe ido da jagoransu mai ɗaga lema, don dai in kasance cikin mutane, ban ji kalma ɗaya da ya faɗa ba. Da azahar nan garin rufe shaguna suke saboda zafi, lungunan su zama wayam. Na ɓata. Kowane lungu fari, kowane da tukwanensa. Sai na ji babur a bayana. Ban san lokacin da na manne da bango na dafe kai ba. Mai kai abinci ne. Wata tsohuwa ta fito ta ba ni ruwa tana ta magana da yarensu, ni ina ce mata na gode da Hausa.

Yau na koma masallacin don tikitin ya fi sauƙi a kan zaman ɗaki da waya a hannu. Bayan kowane ginshiƙi sai in ga kamar mutum ne a tsaye.

Kin san abin da kike nema in taka. Lokacin da Baba ya kai ni makarantar jinya, a kan tabarmar nan aka ce masa asara zai yi. Bai mayar wa kowa ba, ya ce a jira. Yanzu da bakina zan ce musu su ne da gaskiya, yana zaune yana ji. Ina tsoron zuciyarsa kamar yadda nake tsoron daji. Amma ban ga wata hanya ba, na zaga garin nan sau uku ina nemanta.

Ga ta nan. Ki karanta, in ba ta yi muni yadda kike so ba ki ƙara.

"Babana, assalamu alaikum. Ka yafe mini, wasiƙata ta farko alfahari ne. An sallame ni daga aikin asibiti tun bayan ƙaramar salla, kunya ta hana ni faɗi. Wata mata ce ta ɗauke ni ina kula da tsohuwarta, ina tura ta a keke, ina wanke mata jiki, da su na zo garin nan. Rigar da ke hoton ma ta matar ce. Abinci kawai suke ba ni da wurin kwana. Takardar zamana ta kusa ƙarewa, kuma ba ni da abin dawowa gida balle na kawo ka. Ka yi mini addu'a. Ɗiyarka, Rashida."

Ki rubuto ko layi ɗaya ne, Yaya, ko zagi ne.

Ƙanwarki,
Rashida.

*

Kaura Namoda,
23 ga Satumba.

Rashida,

Salam. Ba abin da na ƙara. Ta yi muni daidai, har na tsaya ina tambayar kaina ko gaskiya ce. In gaskiya ce ki faɗa mini.

Mudi ya tafi da ita ranar Talata, ya ce zai kwana ya juyo. Yau Alhamis, bai juyo ba. Na je tasha sau huɗu. Wani ya ce an tare hanya tsakanin Dauran da Zurmi. Wani ya ce a'a, ta wannan gefen ne. Wani ya ce sojoji ne suka hana wucewa. Duk wanda na tambaya ko da idonsa ya gani, sai ya ce shi ma ji ya yi. Matar Mudi ta zo ta zauna mini a tsakar gida, ba ta ce ni na aike shi ba, amma ta zauna.

Wani direban Funtuwa zan ba wannan. Ki ci abinci. Ki daina yawo cikin rana kamar wadda aka yi wa kurciya.

Suwaiba.

*

Kaura Namoda,
26 ga Satumba.

Auta,

Assalamu alaikum. Baba yana ɗakina. Ya ci tuwo, ya yi salla, yana kishingiɗe. Ki zauna tukuna kafin ki ci gaba.

Hanyar a rufe take kwana uku, jiya aka saki motoci a jere. Ga abin da Mudi ya gani. Gwadabe ya karanta wasiƙarki ta biyu ranar Talata bayan la'asar, mutane sun fi na farko yawa don sun ji an sake samun takardar Turai. Da ya kai wurin wanke wa tsohuwa jiki sai muryarsa ta sauka, Baba ya ce ya ɗaga, ai ta farkon ba a ɓoye ta ba. Gado ya yi 'yar dariya ya ce, "Turai ke nan," ya kaɗe riga ya tashi tun ba a kai ƙarshe ba. Ba a sake ganin masu babur ba. Ban ce sun haƙura ba, na ce ba a gan su ba.

Baba bai ce a maimaita ba. Ya karɓa ya ninke ya sa aljihu. Bayan magariba ya ce wa Gwadabe ya riƙe salla, ya bar wa maƙwabci yankan gero, ya kira Mudi ya ce, "Kai ni inda waya ka kamawa. Yarinyar nan na can ita ɗai."

Na durƙusa masa, na yi masa kuka, na kawo masa labarin Shinkafi, bai motsa ba. Ke kin tashe shi da takarda ɗaya. Ban san ko in gode miki ba ko in ƙara jin haushinki.

Ya rame cikin kwana huɗun nan. Ba ya maganar ginshiƙai. Tambayata yake ko na sani tun da, ko kin taɓa kwana da yunwa. Na ce ban sani ba, na fita na tsaya bayan ɗaki.

Gobe Litinin za mu Funtuwa gidan Ladidi, muna isa za ta turo miki wannan, shi kuma zai kira ki bayan azahar. Ya shirya abin da zai faɗa, na ji yana bitarsa: ki dawo gida, ɗakin Inna na nan, ba wanda zai yi miki dariya yana raye. Ladidi ta yarda ta riƙe shi da maganar asibitin ido har a ga yadda damina za ta ƙare.

Na san abin da zai zo miki a baki in kika ji muryarsa. Ki haɗiye shi. In kika faɗa masa gaskiya gobe, jibi yana Dauran, kuma sai ya tara mutane ya gyara maganar. Ki samu wuri a garin naki inda babu hayaniya, ki zauna, ki ɗauki wayar, ki bar shi ya rarrashe ki.

Allah ya yafe mana mu biyun.

Yayarki,
Suwaiba.