Rasa da Rasu

Yaya Sani,

Assalamu alaikum. Ya iyali, ya aiki, ya kuma haƙurin rashin Baba?

Sanarwar da muka kai jarida ta fito. Mun rubuta Inna ta rasa mijinta, suka buga "ta rasu". Mata suka cika gidanmu na Abakpa da kuka, suka tarar da ita zaune tana takaba. Da na je ofishinsu, editan ya ce, "Hajiya, a Hausar yanzu wa ke duba wannan?"

Tun ranar Inna ba ta cin abinci. Cewa take, "An riga an yi kukan mutuwata, me ya rage?"

Ka sa ta a addu'a, in da hali ka zo. Gaida Maryam da yara.

Ƙanwarka,
Hadiza