Rasuwar Malam Rhissa Mai Sauraron Taya

Cikin alhini da sallamawa ga hukuncin Ubangiji, Ƙungiyar Direbobi da Makanikai ta Ƙasar Abzin, a ƙarƙashin jagorancin Mai Girma Sarkin Direbobi Alhaji Rabi'u Hamadi, tana sanar da jama'a cewa ta samu labarin rasuwar dattijonta kuma malaminta, Malam Rhissa Aghali, wanda Allah Ya yi wa cikawa ranar Talata, 13 ga watan Mayu, 1958, sakamakon kifewar mota a faƙon Arlit, yana tsaka da aikin gwajin taya. An yi masa sutura washegari a Agadas.

Shekara ashirin da biyu marigayin ya yi yana hidimar motoci a hanyoyin Abzin, kuma tun da Nasara masu binciken duwatsu suka fara tura manyan motoci arewa, babu tayar da ake ɗaura wa motar ayari sai ya gwada ta. Kayan aikinsa kunnensa ne da kofin shayi guda. Yakan cika kofin da ruwa, ya kafe shi a daɓen mota, a yi tafiyar kilomita goma a kan tsakuwa, sannan ya duba abin da girgiza ta zubar, ya haɗa da irin kukan da tayar ta yi. Mun sha yi masa dariya a gareji. Da injiniyan Nasara ya kawo na'ura mai allura da ke zana girgiza a takarda, aka gwada taya goma sha huɗu, allura da kofi suka yi baki ɗaya a kan goma sha uku, sai dariyar ta ƙare.

Haka nan babu direban da girgizar hanyar Gugaram ta riƙe wa ƙugu, ko ruwan lagireto ya ƙona wa hannu, da bai san ƙofar gidansa ba. Man aduwa don gaɓoɓi, jiƙon bagaruwa don ƙuna da gyambo, kowanne da ma'auninsa da adadin kwanakinsa, kuma in ciwo ya fi ƙarfin saiwa da ganye, shi da kansa yake tura mutum wajen likita. Bai taɓa ɓoye wa kowa ba cewa ilimin na maiɗakinsa ne, Malama Fadimata, 'yar masu lambu. Yakan ce shi ɗan aike ne kawai.

Akwai magana guda da Ƙungiya ba za ta bari ta wuce ba. Ana yawo da zance a kasuwa da tasha cewa gudun direban motar, ɗan'uwanmu Malam Zubairu Alhassane, shi ya jawo hatsarin. Wannan ƙarya ce, kuma ta ɓata mana rai ƙwarai. Marigayi ya riga ya ƙi wasu sababbin tayoyi da aka kawo wa motocin ayari, ya ce kukansu yana sauyawa da zarar dutse ya yi zafi. Da aka nemi a sake gwaji da kaya cike da rana tsaka, ya ƙi tura kowa, ya shiga motar da kansa, ya zaɓi Malam Zubairu saboda shi ne mafi natsuwa a cikinmu, kuma shi ya ƙayyade gudun da za a yi. Tayar gaba ta dama ce ta fashe. Dattawan makanikai uku sun duba ta sun shaida, kuma an cire sauran irinta daga dukkan motocin ayari.

Yau kwana uku Malam Zubairu yana kwance da karaya da ƙuna, ba ya karɓar abinci, ya kuma hana a kai gaisuwarsa gidan makoki, wai ba shi da idon da zai dubi mutanen gidan.

Ƙungiya tana miƙa ta'aziyyarta ga Malama Fadimata, da 'ya'yan marigayi, Mina da Dassin, da ɗaukacin dangi na gari da na daji. Allah Ya gafarta wa Malam Rhissa, Ya yalwata makwancinsa, Ya ba iyalinsa haƙuri da juriyar wannan babban rashi.

Za a yi sadakar bakwai ranar Talata da hantsi a ƙofar gidan marigayi. Daga ɗakin takaba, Malama Fadimata ta aiko mana da tulun jiƙon ƙuna da ta dafa da hannunta, ta ce a kai wa Malam Zubairu, a wanke masa safe da yamma, a kuma gaya masa mijinta bai taɓa shiga motar wanda bai yarda da shi ba. Ta roƙi a ɗauko shi ranar sadaka ko a kan gado ne, a shimfiɗa masa tabarma cikin dangi, tare da masu karɓar gaisuwa. Ƙungiya za ta kawo shi.

Sa hannu:
Ahmudu Hamadi
Magatakardan Ƙungiya, a madadin Mai Girma Sarkin Direbobi
Agadas, Juma'a, 16 ga Mayu, 1958